Yadda ake fita shan iska da maigida: daga turmin dambu zuwa duwatsun Birnin Kudu

Sai da na shekara 11 a ɗakin mijina kafin mu taɓa shiga mota ni da shi ba don asibiti, ko biki, ko gaisuwar mutuwa ba. Ba wai ba ma shiri ba ne. Haka dai zaman ƙauyenmu yake a nan ƙasar Kiyawa: shi yana gona ko kasuwa, ni ina tsakanin firamaren da nake koyarwa da bakin murhu. Ko tuwon dare ba tare muke ci ba. Nasa zaure ake kaiwa, ya ci da ƙannensa da duk baƙon da Allah ya kawo.

Fitarmu ta farko ba ta yi daɗi ba, kuma ni na jawo. Kwana uku da ƙaramar Sallah, a shekarar da ta faɗo tsakiyar bazara, na matsa sai mun kai yara gidan zoo a Kano. Na tashi tun kafin kiran assalatu na dafa shinkafa da miyar tumatir, na juye su da zafinsu a kula ɗaya na rufe gam. Kafin mu sami mota, mu haye gadar Wudil, mu shiga gari, mu bi layin shiga, rana ta take. Ina buɗe kular wani tsami ya daki hancina, miya har ta fara kumfa. Yara suka sa kuka, auta ya sulale cikin cunkoso sai da muka yi ta cigiya, Malam ya taɓa kuɗin motar komawa ya saya mana abinci. Har muka iso gida ba wanda ya ce da wani uffan. Inna surukata kuwa da ta ji labari cewa ta yi, "Ai ga irinta nan."

Shekara biyu ban sake ɗago maganar ba. Da na sake, na sake da dabara, kuma daga lokacin mun fita sau shida. Abin da na koya a ciki shi nake son na ba ki, 'yar'uwa.

Ki fara da yadda za ki shigar da maganar. Kada ki ce masa "yawon buɗe ido". A kunnen manomi wannan magana ce ta Turawa da masu albashi mai tsoka, kuma yana jin ta zai fara lissafin buhun taki. Ki rataya fitar a jikin wata hidima da dama zai yi: duba ɗan'uwa, sayen kayan injin ban-ruwa, kai saƙo. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, a makon da ya sayar da riɗi ko zoɓo, ba ranar da ya dawo daga gona tsuntsu ya yi masa ɓarna ba. Ni ga yadda na yi:

"Malam, ranar da za ka Birnin Kudu duba Yaya, da ka tafi da ni na ga duwatsun nan masu zane. Kullum ina faɗa wa yara a aji, ni ban taɓa gani ba."

"Malama ke nan. Duk duwatsun da ke Dutse ba su ishe ki ba?"

Ya yi dariya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. A nan mata da yawa suke ɓata abin, su yi ta nanatawa har ya zama mita. Ki yi shiru. Bayan kwana biyu yana wanke hannu ya ce, "Ki shirya ranar Asabar."

Yana amincewa, ki je wajen surukarki da kanki, ki durƙusa ki gaya mata, ki tambaye ta me za a taho mata da shi. Kada ta ji a bakin jikoki. Ita ce za ta riƙe miki yara, ita ce kuma za ta toshe bakin matan gida in sun fara cewa wance ta mallake miji. Idan kina da abokiyar zama kamar ni, fitar ta faɗo a ranar girkinki, ko da hakan zai sa a ɗaga ta da kwana biyu. Kuma ke da bakinki ki ce masa ita ma a kai ta inda take so. Wanda bai yi adalci a nan ba, daɗin yini ɗaya zai saya da gabar wata uku.

Batun yara: a fita ta farko ki bar su a gida, sai na goye. Na san da wuya. Amma in kika tafi da biyar, reno kika je yi a wani gari.

Kuɗi kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shi ne uban tafiyar. Kada ki ɗora masa shi kaɗai. Ni zakaru biyu nake warewa tun damina: ɗaya a sayar ya shiga kuɗin mota, ɗaya ya shiga tukunya. Wata shekarar kwasar adashina nake daidaitawa da lokacin. Ki ba shi kuɗin a ɗaki, ba a tasha gaban mutane ba. Ku riƙe tsaba, ku raba biyu, rabi a aljihunsa rabi a lalitarki, don ba ko'ina ake samun mai POS ba, kuma sabis yakan ɗauke a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Lokacin fita shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, rumbu ya cika, hanya ta bushe, abinci ba ya saurin lalacewa. Da bazara zafi zai hana ku jin daɗin komai, da damina kuma ba manomin da zai bar gonarsa ya je kallon dutse. Ki kula da ranakun kasuwa. In ta Wudil za ku bi, ku kauce wa Juma'a, ranar kasuwar ce, motocin shanu sukan cushe hanya. Amma ranar kasuwar kusa da ku takan taimaka: mu Litinin, ranar Shuwarin, ita ce ranar da mota take shigowa har ƙauyenmu da sassafe.

To, guzuri. A nan tafiyar take gyaruwa ko ta lalace, tun daren jajiberi.

Abin da miyar tumatir ɗin nan ta koya mini shi ne, ruwa da turiri su ne abokan gabar abincin tafiya. Duk abin da yake da romo, ko aka rufe shi yana huci, gumi zai yi ya koma ciki ya yi tsami. Saboda haka ki manta da miya, da alala, da wake da shinkafa, da duk kwaɗon da aka yanka wa ɗanyen tumatir. Ɗanwake ma ki bar shi, kafin ku isa ya sandare.

Dambun nama shi ne sarkin guzuri. Ki samu jan nama marar kitse, ko zakaran nan da kika ware. Ki ɗora shi da ruwa kaɗan, wanda bai sha kansa ba, da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, gishiri da dunƙule. Ki bar shi ya yi ta dahuwa har ruwan ya tsotse, naman ya fara rabuwa da kansa in kin taɓa shi da ludayi. In kaza ce ki zauna ki cire ƙashi tas, har da ƙananan nan na haƙarƙari, don a cikin dambu ɓuya suke yi. Ki zuba a turmi da sauran zafinsa ki daka sama-sama da ɗan attaruhu. Ba kirɓawa za ki yi kamar sakwara ba, so ake ya tarwatse ya zama zare-zare. Ki juye a tire ki bi shi da hannu kina warware duk inda ya dunƙule.

Suyar ce take son haƙuri. Man gyaɗa kaɗan, wanda zai jiƙa shi kawai. Ki janye itacen ki bar garwashi, don harshen wutar kara ƙona bayan yake yi ya bar cikin da danshi. Ki yi ta juyawa, kada ki tashi ko yaro ya kira ki. Da farko za ki ji yana ƙara kumfa tana tashi, wannan ruwan ne yake fita. Idan ƙarar ta kwanta, ya yi ja, kika ɗebo a ludayi kika ji ba nauyi yana zuba wasar-wasar, ya yi. Ki tsane man a matsami, ki baza shi a tire, ki barbaɗa yaji, ki rufe da faifai ki je ki kwanta. Sai da safe, ya huce sarai, za ki zuba a roba mai murfi. Wanda aka yi haka yakan yi kwanaki bai canza ba. Ki ɓoye shi daga yara, in ba haka ba da safe rabi za ki tarar.

Abin da za a ci da shi: gurasa ko burodi ku saya a tasha, ko dafaffen rogo da kika bari ya sha iska. In kina son abu mai riƙe ciki, ki turara dambun tsakin masara da zogale da dakakkiyar gyaɗa da asuba, ki baza shi ya huce kafin ki zuba a kwano. Kada ki sa masa mai a gida. Ki zuba soyayyen man ƙuli a 'yar kwalba, sai an zauna ci a zuba. Shi wannan a cinye shi kafin azahar.

Fura kuma dawon kawai za ki ɗauka, ki bulbuɗe shi da gari sosai, ki sa ludayi da ɗan sukari a ƙulli. Nono a can za ki saya wajen Fulani, ki ɗanɗana kafin ki biya. Zoɓo ki dafa shi da dare da citta da kanumfari, amma sukarin sai da safe, don in ya kwana da zaƙi saurin tashi yake yi. Mu da ba mu da firji, ga dabararmu: ki naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhun algarara. Iskar hunturu tana bugunsa zai yi sanyi kamar ruwan randa. Ki ƙara da dabino, da aya, da soyayyar gyaɗa na taunawa a mota.

Sauran kaya ba su da yawa: 'yar tabarma, buta, sallaya, zani ɗaya na ƙari, ruwan sha, ledar kwashe shara, katin shaidarku saboda shingayen hanya. Ki aika wayoyi shagon caji tun jiya. In mota tana sa ki amai, ki nemi gefen taga, ki riƙe lemon tsami ko ɗanyar citta, kada kuma ki cika ciki da maiƙo kafin tashi. Ki sa takalmi marar tsini wanda ba ya santsi. Na biki ki bar shi a gida.

Ina za a je? Ki fara da kusa. Mu Dutse ce a hancinmu, kuma mutum zai shekara yana zuwa sakatariya ko asibiti bai taɓa hawa Garu ya ga tsohuwar fadar sarki a tsakiyar duwatsu ba. Garin ya zama babban birnin jiha ne a 1991 da aka cire Jigawa daga Kano, amma tsohon garin da itatuwan dabinonsa sun riga haka da nisa. Rabin yini ya isa, kuɗin kuma bai fi na zuwa kasuwa ba.

Birnin Kudu ita ce wadda ta fi zauna mini a rai. A duwatsun da ke gefen garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, a ƙarƙashin inda ya yi rumfa ruwan sama ba ya taɓawa. A shekarun 1950 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu, yanzu kuma suna hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda take da ofishi a garin. Ku fara zuwa can a haɗa ku da mai rakiya, ku tanadi na goro da za ku ba shi. Kada ku shafa zanen da hannu, kada ku watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada kuma a ɗauki gawayi a rubuta suna. Akwai kuma duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gurbi da irin muryarsa. Ku roƙi mai rakiyar ya nuna muku.

Ranar da muka je, ni ina ta zuba bayani irin na aji, Malam ya yi tsit ya ƙura wa bangon ido. Can ya ce, "Malama, shanun nan ba su da tozo."

Na duba. Wallahi babu. Ga ƙaho dogaye, ga gadon baya a miƙe sumul. Ni da nake koyar da abin ban taɓa lura ba, shi da ya tashi a bayan shanu kallo ɗaya ya yi. Mai rakiyar ya ce haka ne, irin shanun da aka yi kiwo a nan ke nan kafin masu tozo. Daga nan bakin Malam ya buɗe. Ya shiga ba ni labarin garken kakansa, bunaji nawa rahaji nawa, da wata saniya da ta taɓa jan sa a ƙasa yana ɗan shekara tara igiya ta naɗe masa hannu. Ya nuna mini tabon. Shekara 13 ina ganin tabon nan a hannunsa, ban taɓa sanin mafarinsa ba.

Muka sauko muka shimfiɗa tabarma a inuwa. Kwano ɗaya na kawo, da gangan. Rabon da mu sa hannu a kwano ɗaya tun ina amarya. Da farko har kunya ta kama ni, ina ta waige ko wani zai gan mu, sai na tuna ba wanda ya san mu a nan. Yana ci yana turo mini wajen da naman ya fi yawa. Saboda wannan nake cewa ki ɗauki kwano ɗaya.

In kuɗi ya ɗan fi haka, ku nufi Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, gaba da Haɗejiya. Fadama ce mai faɗi, cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma tun 2008 tana cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kare. Da hunturu tsuntsaye suke tahowa tun daga Turai su yi sanyin a nan, su haɗu da namu na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Da sassafe ko da yamma ake ganinsu da yawa, don haka wannan ba tafiyar je-ka-dawo ba ce daga wajenmu. Ku kwana a Haɗejiya wajen dangi ku yi sammako. Kwale-kwalen da ya cika kada ku shiga, ko mai shi ya rantse. A dawowa ki sayi bandar kifi, ita ce tsarabar da Inna ba ta taɓa rainawa ba.

Kano kuwa, ku je, amma ba cikin kwanakin Sallah ba sai in hawa za ku kalla, kuma kada ku ce sai kun gama ta a yini ɗaya. Ku zaɓi biyu. Dutsen Dala da safe kafin rana ta yi zafi, a hangi birni gaba ɗaya, sannan Gidan Makama kusa da gidan sarki. Ko marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. Ku yi ciniki da mai adaidaita sahu kafin ku shiga.

A ranar tafiyar ku fita ana idar da sallar asuba, motar farko ta fi saurin cika. In da hali ku biya kujerar gaba ku biyu. Sannan ga wadda ta fi wuya: duk ƙorafin da kika tara, na kuɗin makarantar yara, na rufin ɗaki da ke yoyo, na abin da ƙanwarsa ta faɗa miki, ki bar shi a gida, zai jira ki. Na taɓa kuskuren ɗago maganar kwanon rufi a kan Dala, muna saukowa ya ce mu wuce tasha. Kai ma maigida, in kana karantawa, ka sa wayar nan a aljihu, kuma kada ka yi gaba ka bar ta tana bin ka a baya da kaya a ka kamar za ku cin kasuwa. Ka karɓi jarkar.

Ku yi azahar da la'asar a can, ku kamo hanya da sauran rana, magariba ta same ku a gida. Hanyoyin ƙauye ba na dare ba ne, kuma mota takan yanke da yamma, sai ku ƙare da ɗaukar shatar ɗan acaba da kuɗin da ya fi na zuwa.

Tsaraba ki cire kuɗinta tun a gida ki ƙulle daban. Ta Inna ita ce farko, sannan abokiyar zama, sannan yara, sannan maƙwabciyar da ta ba wa awakinki ruwa. Ba sai mai tsada ba: rake, dabino, ƙullin goro, alawa. Ki fara shiga ɗakin Inna kafin naki, da ƙurar hanya a ƙafarki.

Bara da aka kai amaryarmu Haɗejiya, ni na soya mata dambun, ita kuma ta taho mini da kifi har da na miyar sati. Bana Tiga nake hari, madatsar ruwan da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Malam yana son ya ga inda ake tare ruwan da yake bi ta Kadawa da Kura yana shayar da shinkafa, ragowar ta gangaro ta Wudil har Haɗejiya, ni kuma ina son na ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Zakarun biyu suna nan a akurki. Na ɗaura wa kowanne jan tsumma a ƙafa, na kuma gaya wa yara ko wane irin baƙo ne ya sauka, ba su za a kama ba.